Ba Kullum Laifin Sabis Ba Ne: Yankewar Wi-Fi Bayan Sabunta Windows



An nemi in yi magana a kan wata matsala da ake rainawa, alhali tana cinye kuɗin mutane da lokacinsu. Mutum ya sabunta Windows a kwamfutarsa, washegari intanet ya riƙa ɗaukewa yana dawowa. Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma yana tsakiyar rajistar zangon karatu, shafi ya tsaya. Malamar Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita tana tura sakamako, ya ƙi tafiya. Mai shagon kwamfuta ya tara mutane a benci, yana ta ba su haƙuri. Duk wanda ka tambaya amsarsa ɗaya: sabis ne.

Ba na ganin laifin wanda ya faɗi haka. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda ta'asar 'yan bindiga, kuma Dutsin-Ma da Kurfi suna ciki. Mun yi watanni sai mutum ya yi tafiya kafin ya ji muryar ɗan uwansa. Wanda ya ga wannan, da zarar intanet ya ɗauke, hankalinsa zai tafi ga turken sabis. Sai dai a matsalar da muke magana a kai, sau da yawa sabis lafiyarsa ƙalau, cutar tana cikin kwamfutar da ke gabanka.

Hanya biyu ce intanet ke bi kafin ya iso gare ka. Ta farko daga turken kamfanin waya zuwa wayarka ko rautarka, wato na'urar da ke raba intanet. Ta biyu, gajeriya, daga wayar ko rautar zuwa kwamfuta, kuma ita ce Wi-Fi. Idan famfon gidanka ya ƙi zuba alhali na maƙwabcinka yana kwarara, ba za ka ce dam ɗin Zobe ya ƙafe ba. Bututunka za ka duba. Don haka gwajin farko ba ya cin ko sisi. Idan kwamfuta ta yanke, ɗauki wayar da ke ba ta intanet ka buɗe wani shafi. Ya buɗe? To sabis yana nan. Ka haɗa wata wayar da wannan Wi-Fi ɗin. Idan ita ta zauna daram kwamfutar kuwa tana ta faɗuwa, an gano inda ciwon yake.

Me ya sa abin ya yawaita yanzu? Kamfanin Microsoft ya fitar da Windows 10 a 2015, ya kuma daina kula da ita kyauta a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, tana da sharuɗɗa: tana neman wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel tana neman ƙwaƙwalwar kwamfuta ta ƙarni na takwas zuwa sama, wato ƙirar 2017 da abin da ya biyo baya. Mu kuwa yawancin kwamfutocinmu na hannu ne, HP da Dell da Lenovo da suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka, aka sayo su a Kano ko Legas. Da yawansu ba su cika sharaɗin ba, sai masu gyara su bi ta bayan gida su ɗora musu sabuwar manhajar. Tana hawa, tana aiki, amma wasu sassan jikin kwamfutar ba a yi su domin ta ba.

A cikin kowace kwamfutar tafi-da-gidanka akwai ɗan katin da ke kama Wi-Fi, galibi ƙirar Intel ko Realtek ko Qualcomm ko Broadcom. Windows ba ta sarrafa katin kai tsaye. Akwai wata ƙaramar manhaja da ake kira direba, ita ke karɓar umarni daga Windows ta isar wa katin. Lokacin sabuntawa, Windows kan cire tsohuwar direbar da masu ƙera kwamfutar suka gwada suka tabbatar, ta sa wata ta gama-gari. Wani lokaci kuma ta bar tsohuwar a wurin, alhali ba ta dace da sabon tsarin ba. Ko wanne ya faru, sakamakon ɗaya ne: kati ya kama, ya yi mintuna, ya saki.

Zan faɗi sunayen wurare kamar yadda suke a rubuce a fuskar kwamfuta, domin ku gane su idan kun koma gida.

Fara da "Restart". Mutane da yawa suna zaton kashe kwamfuta da "Shut down" ya fi tsarkake ta, amma tun daga Windows 8 akwai tsarin saurin tashi wanda ke adana halin da direbobi suke ciki ya dawo da su yadda ya bar su, har da matsalarsu. "Restart" ne ke tayar da komai sabo. Bayan haka ka sa kwamfutar ta manta da sunan Wi-Fi ɗin, ka sake shigar da kalmar sirri.

Idan bai yi ba, sai a je ga direba. Buɗe "Device Manager", nemi katin Wi-Fi, duba maɓallin "Roll Back Driver". Idan yana dannuwa, danna shi, tsohuwar direba za ta dawo. Idan ba ya dannuwa, juya kwamfutar ka karanta lambar ƙirarta, ka shiga shafin kamfanin da ya ƙera ta ka sauko da direbar da aka yi domin wannan lambar. Na san tambayar da ke ranku: ta yaya za a sauko da abu ba intanet? Ka haɗa waya da kwamfuta da kebul ɗin caji mai ɗaukar bayanai, ka kunna raba intanet ta USB a cikin wayar. Wannan ba ya bi ta katin Wi-Fi ko kaɗan. Ina kuma roƙonku ku guji manhajojin nan da ke alkawarin gyara duk direbobi da dannawa ɗaya. Da yawansu talla da ƙwayar cuta suke shigo da su.

Akwai wani dalili da ya fi damun mu a nan fiye da mutanen da wuta ba ta ɗauke musu. Windows tana da ikon kashe katin Wi-Fi domin tattalin batir, kuma sabuntawa kan mayar da wannan saiti ko da ka taɓa cire shi. Mu kuwa rabin aikinmu a kan batir muke yin sa. Alamarsa a bayyane take: kwamfuta na jone da wuta komai lafiya, ana ɗaukewa ta fara yankewa, ko kuma ta farka daga barci ta kasa ganin Wi-Fi. A cikin bayanan katin, ƙarƙashin "Power Management", cire alamar da ke ba kwamfuta izinin kashe shi. Ku lura kuma da rauta. Idan ana sauyawa daga wutar KEDCO zuwa janareta, rautar da ba ta da batir takan mutu ta sake tashi, kuma wannan ba ruwan Windows.

Wayar da ke raba intanet ma tana da nata rabon. Wi-Fi na tafiya a kan zango biyu da aka fi sani, 2.4 da 5 gigahaz. Tsofaffin katuna da yawa na farkon kawai suke kamawa, sababbin wayoyi kuwa suna iya watsawa a na biyu. Haka tsarin kulle: WPA2 yana nan tun 2004, WPA3 ya zo a 2018, kuma tsohuwar direba kan rikice da shi. Ka shiga saitin wayar ka zaɓi 2.4 da WPA2, ka kashe saitin da ke rufe rabon intanet idan an ɗan jima ba a yi amfani da shi ba. In duk waɗannan sun gaza, akwai "Network reset", wanda ke goge saitin sadarwa gaba ɗaya ya gina sabo, ba tare da taɓa takardunka ba.

Wani lokaci laifin na masu manhajar ne da kansu. A watan Disamba na 2023, sabuntawar Windows 11 mai lamba KB5033375 ta hana wasu kwamfutoci haɗuwa da Wi-Fi na jami'o'i da manyan ma'aikatu. Microsoft ta amsa cewa haka ne, ta kuma janye canjin da ya jawo matsalar. Ma'aikatan sashen kwamfuta na makarantunmu su riƙe wannan: idan ɗalibai da yawa suka zo da kuka iri ɗaya a mako ɗaya, a duba tarihin sabuntawa kafin a taɓa rauta. Ana iya cire sabuntawa guda ɗaya a bar sauran.

Yanzu ga abin da na fi so ku tafi da shi. Idan ka tashi daga Windows 10 zuwa 11, tsarin yana ajiye tsohuwar na kwana 10, kuma a cikin wannan wa'adi kana iya komawa cikin sauƙi, kayanka suna nan. Bayan haka sai ya goge ta. Abin da ke faruwa shi ne mutum ya yi mako biyu yana haƙuri yana jiran sabis ya gyaru, har ƙofar ta rufe. Sannan ya kai wa mai gyara, mai gyara ya ce sai an yi fomatin.

A nan ina da magana da 'yan uwana masu gyara, kuma ina yin ta ne da girmamawa, domin su ne ke riƙe da mu a inda babu ofishin wani kamfani. Goge kwamfuta baki ɗaya saboda direba ɗaya ɓarna ce. A cikinta akwai kundin binciken ɗalibi, da lissafin ɗan kasuwa, da hotunan iyayen da suka rasu. Kuma sau da yawa bayan fomatin ɗin direbar nan ta gama-gari ce za ta sake hawa, matsalar ta dawo, mai kaya ya biya kuɗi a banza. Mai gyara na ƙwarai ya ajiye filas mai ɗauke da direbobin kwamfutocin da suka fi yawa a yankin nan, ya kuma tanadi ɗan katin Wi-Fi na USB. Idan an soka shi intanet ya zauna, an tabbatar katin ciki ne ko direbarsa, kuma shi kansa ɗan katin yana iya zama maganin dindindin ga tsohuwar kwamfuta.

Sai batun data. Windows 11 tana kai gigabait biyar ko fiye wajen saukewa, kuma tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin sadarwa a Janairun 2025, wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne ga ɗalibi. Wani abin da ake kira yankewa ma, a gaskiya data ce ta ƙare, domin kwamfuta tana ta sauke sabuntawa a ɓoye. Idan da waya kake ba ta intanet, kunna "Metered connection" domin ta rage wannan ci.

Ba ina cewa a daina sabuntawa ba ne. Kwamfutar da ba ta samun gyaran tsaro haɗari ce, musamman wadda ake shiga asusun banki da ita. Abin da nake nema shi ne shiri: kwafe takardunka a filas, sauko da direbar Wi-Fi ka ajiye tun kafin ka fara, kada kuma ka sabunta ana gobe rufe rajistar JAMB ko miƙa kundin bincike. Wanda kwamfutarsa ba ta cika sharaɗin Windows 11 ba, Microsoft ta buɗe wa masu Windows 10 shirin ƙarin gyaran tsaro har zuwa 13 ga Oktoba, 2026, ga wanda ya yi rajista. Akwai kuma Linux, irin su Ubuntu da Mint, waɗanda kyauta ne kuma suna tafiya da tsofaffin kwamfutoci. Ana iya gwada su daga filas ba tare da an ɗora ba, kuma abu na farko da za a gwada shi ne Wi-Fi, domin wasu katunan Broadcom a can ma sai an nemo musu direba.

Shugaban taro, a shirye nake in karɓi tambayoyi, kuma wanda ya zo da kwamfutarsa ya matso gaba mu duba tare.