ALHERI BA SHI DA KAƊAN

Jawabin da aka gabatar a Taron Shekara-Shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai

 

Sa'ad da Sakatare ya aiko mini cewa ni zan yi jawabin bana, ya ce in yi magana a kan gudummawar tsohon ɗalibi ga makarantarsa. Na gane inda ya dosa, wato babban ɗakin taron nan da muke shirin ginawa. Ba na ƙin ginin, na ma riga na sa hannu a takardar alkawari. Amma na roƙi izini in yi magana a kan wata irin gudummawa wadda ba a rubuta ta a littafin Ma'aji, wato ɗan ƙaramin alherin da mai bi yake yi wa ɗan'uwansa a daidai lokacin da yake bukata.

Bari in fara da labarin kaina. Na shigo makarantar nan a 1974. Waɗanda suka manyanta a cikinmu sun tuna farin 1973, yadda ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya ƙone a tsaye. A lokacin naira ba ta daɗe da fitowa ba, tsofaffi suna lissafi da fam da sule tukuna, fam ɗaya naira biyu. Mahaifina ya sayar da awaki biyu ya biya mini kuɗin makaranta, ya sayi akwatin ƙarfe da kwano. Da aka zo kan bargo sai kuɗi ya ƙare. Mahaifiyata ta kwance zanenta na zuwa majami'a ta ninke ta sa mini a akwati.

Kun san sanyin wurin nan in hunturu ya kama. Zane ɗaya ba ya tare shi. Na yi mako uku ina kwana a duƙunƙune, ga tari, ga dariyar 'yan ɗaki waɗanda suka sa mini suna "mai zanen mata". Wasunku suna nan zaune, ina ganinku, na kuwa yafe tuntuni. Wata rana da asubar fari, kafin a kaɗa ƙararrawa, na ɗauki akwatina a ka na nufi bakin ƙofa da kwabo 40 a aljihu. Na ƙudura a raina ni da boko har abada.

A bakin ƙofa na tarar da Baba Maigadi yana zaune a gaban kaskon wutarsa. Tsohon soja ne wanda ya je yaƙin Bama, ba ya karatu, ba ya rubutu. Ya haska ni da tocila ya ce, "Kai yaro, ina zuwa da wannan asuba?"

Na ce, "Gida za ni, Baba."

Ya ce, "To, motar farko ba ta wucewa sai rana ta fito. Zo ka ji ɗumi tukuna."

Ya zuba mini kunu a gwangwani na sha. Bai tambaye ni dalili ba, amma da ya ga zanen da na yafa ya gane kome. Sai ya cire tsohon bargonsa na soja daga kafaɗa ya ɗora mini, ya ce, "Aro na ba ka, ɗana. Ran da ka gama makaranta ka dawo mini da kayana." Ya ɗauki akwatin da kansa ya raka ni har bayan ɗakin kwana. Bai gaya wa kowa ba, alhali kun san hukuncin wanda aka kama yana gudu a wancan zamani.

Na yi shekara biyar da bargon nan. Duk ran da na ji kamar in gudu, sai in tuna akwai kayan mutum a hannuna. A 1978 na wanke shi na kai masa. Ya yi dariya ya ce in duba cikin 'yan aji ɗaya in ba wanda ba shi da shi. Da a ce ya ga wucewata ya kau da kai, da babu takardar shaida, babu aikin da na yi shekara 35, babu kuma tsayuwata a gabanku yau. Baba Maigadi Musulmi ne, a kan buzunsa yake salla a gefen ƙofar nan. Amma duk sa'ad da aka karanta misalin Basamariyen nan a majami'a, fuskarsa nake gani.

'Yan'uwa, in muka duba Littafi Mai Tsarki za mu ga Ubangiji yana lissafi da ƙananan abubuwa ƙwarai. A Matiyu 10:42 abin da ya yi alkawarin lada a kansa ƙoƙon ruwan sanyi ne kawai. A Markus sura 12 ya zauna yana kallon masu zuba baiko, attajirai suna zuba da yawa, amma wadda ya kira almajiransa su gani gwauruwa ce mai anini biyu. Yaran yanzu ba su san anini ba. Ɗan ƙaramin kuɗi ne mai huda a tsakiya, sai ka tara goma kafin su zama kwabo ɗaya na da. Basamariyen da ke Luka sura 10 ma dinari biyu ya ba mai masauki, wato ladan leburanci na kwana biyu, bayan ya wanke raunukan mutumin ya ɗora shi a kan dabbarsa. A Littafin Sarakuna na Biyu sura 5, Na'aman shugaban sojojin Suriya ya warke daga kuturta saboda wata yarinya baiwa ta buɗe baki ta gaya wa uwargijiyarta inda annabi Elisha yake. Ko sunanta ba a rubuta ba. Tabita ta garin Yafa kuwa, a Ayyukan Manzanni sura 9, da ta rasu matan da mazansu suka mutu suka kewaye Bitrus suna kuka, suna nuna masa rigunan da ta ɗinka musu. Allura da zare ne dukan aikinta.

Haka kuma bishara ta shigo wa iyayenmu. Littafi Mai Tsarki cikakke bai fito da Hausa ba sai a 1932, masu iya karanta shi ma kaɗan ne. Amma tun kafin nan an fara aikin magani a Vom a 1922, an kafa mishan a Garkida a 1923, inda daga baya aka buɗe wurin jiyyar kutare. Kakanninmu da yawa ba su fahimci wa'azin farko ba. Abin da suka fahimta shi ne, ga wani ya durƙusa yana wanke musu gyambo ba ya toshe hanci. Har yau ma ku dubi iyayenmu na Zumuntar Mata. In an yi rasuwa a gida, kafin fasto ya iso sun riga sun iso, wannan da itace, wannan da tulun ruwa, waccan da mudun hatsi. Da yayyafi kogi kan cika.

To, me yake hana mu, mu da muka yi karatu? Ba rowa ce kaɗai ba. Sau da yawa jiran babban abu ne. Zan faɗi laifina a gabanku. A shekarun da masaƙun Kaduna suke rufewa, tsakanin 2002 da 2007, wani ɗan ajinmu da aikinsa ya tsaya ya zo ofishina. Ba zan faɗi sunansa ba. Na yi murna da ganinsa, na ce ya bar mini takardunsa zan nema masa aiki mai kyau, ya dawo bayan wata ɗaya. Har ga Allah na yi niyya. Amma ban tambaye shi ko ya ci abinci ba, ban ba shi kuɗin mota ba, ban tambayi inda yake zaune ba. Na ga kamar ba mutum irinsa naira 200 raini ne. Bai dawo ba. Bayan wata bakwai na ji rasuwarsa. A wurin jana'iza matarsa ta ce mini ran nan da ƙafa ya zo, da ƙafa ya koma Kakuri, yana kuwa cewa ya gode Allah ɗan'uwansa ya karɓe shi da fara'a. Ba ta faɗa da nufin zargi ba, shi ya sa maganar ta fi yi mini ciwo. Takardunsa suna cikin durowata har yau. Ni da aka rufa wa bargo ba tare da na roƙa ba, na bar ɗan'uwana ya fita a rana ina jiran in yi masa babban abu.

Saboda haka, Shugaba, ina kawo shawara uku, ba kuwa wadda take bukatar a kafa mata kwamiti.

Ta farko, kafin mu watse yau a zagaya da takarda, kowa ya rubuta sunan tsohon malami ko ma'aikaci da ya san yana da rai, da garin da yake. Kada a manta da masu dafa abinci, da direbobi, da masu gadi, da matan malamanmu da suka rasu. Kowane reshe ya ɗauki waɗanda suke kusa da shi, a kai musu ziyara kafin Kirsimeti. Ko sabulu da sukari aka riƙe ya isa, zumunta a ƙafa take.

Ta biyu, kowane ɗayanmu ya tuna da ɗan aji ɗaya da ya daina zuwa taron nan, ya neme shi cikin makon nan. Galibi ba girman kai ke hana su zuwa ba, kunyar rashin kuɗin ƙungiya ce. In ya zo wurinka, ka fara da tambayar ko ya ci abinci, maganar aiki ta biyo baya.

Ta uku, ina roƙon Shugaban makaranta ya sa malaman ɗakunan kwana su duba a asirce, su gaya mana yara nawa ne ba su da bargo ko rigar sanyi. A asirce na ce, domin kada a kira yaro a gaban taro a ɗauki hotonsa. Ubangiji ya riga ya gargaɗe mu a Matiyu sura 6 a kan yin sadaka don idon mutane. Na zo da barguna goma a mota, na farawa ne.

Ɗakin taro za mu gina in Allah ya yarda, za a kuma rubuta sunayenmu a bango. Amma aikin zai ɗauki shekara biyu ko uku, hunturu kuwa saura 'yan makonni. Malamanmu da yawa sun haura 80, kowace shekara jerin waɗanda muke tashi tsaye mu yi shiru dominsu yana ƙara tsawo. Wanda yake da gaisuwar da zai kai, ya kai ta tun mai amsawa yana nan.

Iyayenmu malamai, mun gode da abin da kuka yi mana, wanda muka sani da wanda ba mu sani ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sa wa makarantarmu albarka, ya kai kowa gidansa lafiya. Amin.