Windows Ya Ƙi Hawa Kwamfutarka? Dakata Kafin Ka Goge Komai

Yau hirarmu ta shafi masu manyan kwamfutocin aiki, irin su Dell Precision da HP Z, waɗanda matasa ke saye na hannu don haɗa bidiyo da zanen gine-gine. Tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, mutane suka koma ɗora Windows 11. Sai aiki ya tsaya a tsakiya, a ruga wajen mai gyara, ya ce rumbun ajiya ya mutu, kawo kuɗi. Sau da yawa fa ba abin da ya mutu. Kwamfutar na faɗin damuwarta a sikirin, tsayawa a karanta ne ba a yi.

Kafin komai, kwashe fayilolinka. Ko Windows ɗin ya ƙi tashi, kana iya tayar da Ubuntu daga filash ba tare da ka ɗora shi ba, ka kwafe aikin mutane zuwa wani rumbun. Na'ura tana gyaruwa, amma bidiyon bikin da aka ba ka amana in ya tafi, da wane bakin za ka yi bayani?

Sannan ɗauki hoton saƙon da ya fito da wayarka, ka lura a ina aikin ya tsaya. Wurare uku ne galibi.

Na farko, tun a bakin ƙofa ya ce kwamfutar ba ta cika sharuɗɗa ba. Windows 11 yana son TPM 2.0, da na'ura mai Secure Boot, da RAM aƙalla 4GB, da wurin ajiya 64GB, sannan in Intel Core ce, daga zubi na 8 zuwa sama. Wani lokacin TPM ɗin yana nan, a kashe yake kawai. Shiga BIOS, a Dell danna F2 lokacin kunnawa, a HP kuma F10, ka kunna shi. In kuma na'urar ta tsufa da gaske, Ubuntu zai ci gaba da yi maka aiki, ba sai ka jefar da ita ba.

Na biyu, ka zo wurin zaɓen rumbu, ka ga fili fayau. A nan ake yawan cin kuɗin mutane. Kwamfutocin aiki da dama suna zuwa da saitin RAID, shi kuma filash ɗinka ba shi da direban da zai gane shi. Ko dai ka sauko da direban Intel RST daga shafin kamfanin da ya ƙera na'urar, ko ka mayar da saitin AHCI a BIOS. Amma ka sani, in tsohon Windows na ciki, zai iya ƙin tashi bayan canjin, sai ka mayar yadda yake. Idan kuma rumbun ya bayyana amma aka ƙi ɗorawa a kansa, ana ambaton GPT ko MBR, to rashin jituwa ce tsakanin tsarin rumbun da yadda ka tayar da filash. UEFI da GPT yake tafiya. Danna F12 a Dell ko F9 a HP, ka zaɓi filash ɗin da aka rubuta UEFI a jikinsa. Wani zai ce ka buɗe diskpart ka rubuta clean. Eh, yana aiki, amma da kayanka zai tafi.

Na uku, ya fara kwafa sai ya tsaya, ya jefo maka lamba irin 0x8007025D. Wannan yawanci filash ne mara kyau, ko fayil ɗin Windows bai gama sauka daidai ba, ko RAM mai matsala. Jabun filash sun cika kasuwa. Nemi mai kyau na 8GB ko sama, ka sake haɗa shi da Rufus, ka soka shi a ramin baya. In abin ya maimaita, gwada RAM da MemTest86.

Abu biyu na ƙarshe. Kar ka fara wannan aiki ba UPS ko inbata, musamman sabunta BIOS, don ɗaukewar wuta a lokacin na iya hana na'urar tashi gaba ɗaya. Kuma in kwanan wata na komawa baya, saiti na gogewa da kansa, ƙaramin batirin nan ne na CR2032 ya ƙare.

Shawarata, canza abu ɗaya a lokaci guda, ka gwada, ka rubuta. In ta kai ka ga mai gyara, je da hoton saƙon, ka ce, "Malam, nuna min a BIOS cewa rumbun ba ya nan." Wanda ya san aikinsa ba zai ji haushi ba.

Ku turo mana saƙon da taku kwamfutar ta nuna, mu duba tare a shiri na gaba. Sai mun haɗu.