Hannun da Tausayi Ya Shanye



Duk wanda ya taɓa jinyar mai shanyewar ɓarin jiki ya san tambayar 'yan dubiya: "Ya fara takawa?" Da wuya a tambayi hannu. Ran da majinyaci ya dogara sanda ya kai zaure sai a ce sauƙi ya samu, alhali hannun na nan a rataye, yatsu a dunƙule. Abin da na zo in kafa hujja a kansa shi ne, hannu sau biyu yake shanyewa. Karon farko aikin cuta ne, na biyu kuwa mu masu jinya ne muke jawo shi.

Ciwon ba a hannun yake ba. Jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, galibi saboda hawan jini. Binciken SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Ghana, har da na Kano da Zariya, aka wallafa a 2018, ya ɗora wa hawan jini kusan kashi 90 cikin ɗari na alhakin. Amma ƙwaƙwalwa takan buɗe sababbin hanyoyi, musamman a watanni ukun farko, sai dai aikin da aka nace mata a kai kawai take buɗe wa hanya. Edward Taub na Amurka ya ga birai sun yi watsi da hannun da aka yanke wa jijiyar ji, ko da yake yana iya motsi. Da aka ɗaure mai lafiyar, sai suka koma aiki da wanda suka yi watsi da shi. A 2006 aka wallafa gwajin dabarar a kan mutum 222 da suka yi wata uku zuwa tara da ciwon. Waɗanda aka sa wa safa a hannu mai lafiya tsawon mako biyu, ana horar da ɗayan har awa shida a rana, sun fi sauran samun aikin hannu, kuma bayan shekara guda bambancin na nan.

To ku dubi gidajenmu. In dama ce ta shanye, kunyar ci da hagu ta sa sai a riƙa ba Baba a baki. In hagu ce, sai a ce ai da sauƙi, a manta da ita. Ɗa ba ya iya tsayawa yana kallon mahaifinsa na fama da maɓallin riga, sai ya kai hannu. Wannan biyayya ce, ban raina ta ba, amma kowace loma da aka ba shi darasi ne aka hana ƙwaƙwalwarsa.

Wani zai ce wannan zancen masu hali ne, ina mutumin Yelwan Tudu ko Gwallameji zai sami kuɗin keke kullum zuwa sashen gashi na Asibitin Koyarwa na ATBU, ga ƙarancin likitocin fisiyo? Gaskiya ne, amma ko a ƙasashe masu arziki asibiti bai taɓa isa ba. Wata ƙidaya da Catherine Lang da abokan aikinta suka wallafa a 2009 ta nuna motsin aikin hannu kusan 32 kacal ake yi a zama ɗaya, alhali dabbobin gwaji kan yi 400 zuwa 600 a rana. Masu bincike a Jami'ar Bayero ta Kano sun gwada ƙirga maimaici maimakon ƙirga awanni, kuma wannan ya fi dacewa da mu, don ƙirga ba ta buƙatar na'ura. Ɗaga buta, jan carbi, tsintar wake daga faranti, buɗe murfin kwano, danna waya, duk horo ne, muddin majinyaci ne ke yi da kansa, ɗaruruwa a rana. Nan tausa ta gaza. Tana sassauta jiki, amma hannun mai tausar ne ke aiki.

Akwai ƙorafi mafi nauyi: ba kowane hannu ke dawowa ba. Haka ne. Rufe hannu mai lafiya na wanda wuyan hannunsa da yatsunsa suka fara ɗan miƙewa ne. Yi wa wanda ba shi da motsi ko kaɗan haka azabtarwa ce. Shi wannan akan fara masa da madubi, yana motsa mai lafiyar yana kallon hotonsa kamar shi ne mai ciwon, ana miƙe masa yatsu a hankali kada su ƙage. Kuma don Allah kada a ɗaga shi ta hanyar jan hannun, kafaɗar da tsokarta ta saki saurin gocewa gare ta, ciwonta kuwa na iya tsayar da horo gaba ɗaya. Likitan fisiyo ne zai tantance rukunin da majinyaci yake. Ran da kuka je wurinsa, ko da sau ɗaya ne a wata, ku nemi ya rubuta muku aikin da za a yi, sau nawa a rana, da alamar da in an gani za a dakata, sannan kada a yanke maganin hawan jini don an ga sauƙi.