Yaron da Ba Ya Amsa Kira: Jawabi a kan Renon Ƙananan Yara a Ƙasar Kurfai



Iyaye maza da mata, ƴan kasuwa, malaman lakwal, ma'aikatan likita da sauran ma'aikatan gwamnati, barkanku da zuwa. Batun da ya tara jama'a a yau ya shafi waɗanda ba su jefa ƙuri'a, ba su kuma da ƙungiyar ƙwadago da za ta yi yajin aiki dominsu, wato yara ƴan ƙasa da shekara 6, musamman waɗanda Allah ya jarrabe su da naƙasa ko jinkirin girma.

Daga Cikal har Filinge, babu ƙauyen da bai san irin wannan labari ba. Yaro ya tashi daga ciwon sanƙarau yana ɗan shekara 2, gida ya yi murna. Bayan ƴan watanni sai a lura ba ya amsa kira. Uba ya ce taurin kai ne, kaka ta ce iskoki ne, uwa kuwa ta yi shiru da abin da take zato, don gudun gorin kishiya. In ya kai shekara 7 a kai shi lakwal, malamin da yara suka yi wa yawa ya zaunar da shi a baya. Shekara biyu a ce ba shi da kai, a mayar da shi kiwon awaki. Alhali kuwa kansa lafiya lau, kunnensa ne ciwon ya ɗauke, kuma shekaru bakwai sun wuce ba wanda ya duba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cikin mutum biyar da suka warke daga sanƙarau mai tsanani, ɗaya yakan saura da wata illa, kamar kurumta ko farfaɗiya. Masana kuma sun tabbatar da cewa a shekaru 3 na farko ne yaro ke kafa harshensa, na baki ko na hannu. Alamomin ba su buƙatar na'ura: jaririn da ya kai wata 6 ba ya waiwayar ƙara, yaron da ya kai wata 18 bai taka ba, ko wanda ya cika shekara 2 bai haɗa kalma biyu ba, duka sun cancanci a kai su likita. Jaririn da aka haifa da karkatacciyar ƙafa ana iya miƙe masa ita da ɗauri in an fara da wuri, kuma asibitin yara na CURE da aka buɗe a Yamai a 2010 ya shahara da wannan aiki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ta fuskar doka, Nijar ba ta da abin kunya. Ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara a 1990, ta kafa dokar kare naƙasassu a 1993, dokar tsarin ilimi ta 1998 ta sa makarantar renon yara cikin matakan karatu, an ayyana magani kyauta ga ƴan ƙasa da shekara 5 a 2006, ƙasar ta amince da yarjejeniyar haƙƙin naƙasassu a 2008, aka kuma ƙara wata doka a 2019. Tun 1994 ma, taron Salamanka na ƙasar Sipaniya ya yi kira ga ƙasashe da su karantar da kowane yaro a makarantar da ƴan uwansa ke zuwa. Gwamnatoci sun zo sun wuce, na farar hula da na soja, kowace ta sa hannu. Sai dai takarda ba ta duba kunnen yaro. Makarantar kurame ta Hasan Bana Ba da ta makafi ta Soli Abdurahaman duka a Yamai suke, kimanin kilomita 180 daga Filinge, kuma babu uwar da za ta rabu da ɗan shekara 3 ta tura shi can.

Saboda haka maganin yana kusa da gida, a makarantar renon yara ta ƙauye, wadda ake ce wa jardan. Malamar da aka horar za ta gane yaron da ba ya ji, ta zaunar da shi gabanta yana kallon bakinta, ta koya wa ajin duka ƴan alamun hannu, ta aika wa ma'aikacin likita labari. Uwa kuma a jawo ta cikin aikin, a nuna mata wasannin da za ta yi da ɗanta a gida, domin ita ce ke tare da shi dare da rana. Sauran yaran ma riba suke ci, don wanda ya yi wasan ƙasa da kurma ba zai girma yana jifansa ba.

Wanda ya ce ba za a iya ba, sai ya tuna watan Satumba na 2010, lokacin da aka zaɓi gundumar Filinge ta zama ta farko a Nijar wajen gwajin sabuwar allurar rigakafin sanƙarau, ga masu shekara 1 zuwa 29. Sarakuna, limamai, ungozomomi da malamai suka tashi, jama'a ta fito. Hanyar da ta kai allura ƙauye-ƙauye za ta iya kai tambayoyi uku ranar awon yara: yana ji, yana tafiya, yana magana?

Matsaloli kam akwai su. Gobarar da ta cinye azuzuwan zana a unguwar Peyi-Ba ta Yamai a watan Afrilu na 2021, da ta Maraɗi a watan Nuwamba na shekarar, sun hallaka ƙananan yara da dama, har gwamnati ta hana sa ƴan jardan cikin rumfar zana. Yaron da ba ya jin ihu ko ba ya iya gudu shi ne na ƙarshen fita, don haka aji na gini wajibi ne. Rashin tsaro kuma ya rufe makarantu masu yawa a jihar Tilaberi, ya kori iyalai daga gidajensu, tare da yaran da suka ga abin da bai kamata yaro ya gani ba. Su ma suna da haƙƙin wurin zama a jardan.

To, kowa da nasa kaso. Hukumar komin ta ware wa renon yara layi a kasafin kuɗinta, ta kuma karanta shi a bainar jama'a. Ma'aikatun ilimi da lafiya su haɗa malamar jardan da ma'aikacin likita a horo ɗaya. Ƙungiyoyin iyaye mata su bi gida-gida su fito da yaran da aka ɓoye a ɗaka. Ƴan kasuwar da Allah ya buɗa wa, waɗanda suka saba gina masallaci da rijiya, su sani cewa kuɗin ƴan bijimai a kasuwar Lahadi ta Filinge za su tayar da aji ɗaya mai ƙofa mai faɗi, marar matakala.

Hausawa sun ce ɗa na kowa ne. Ba su ware kurma ko gurgu ba da suka faɗi haka. Allah ya raya zuri'a, ya ba ƙasar Kurfai zaman lafiya.