Darasin Darwin a Aji da Imanin Ɗalibi Musulmi

Jawabin da wani ɗan ƙungiya, ɗalibin jami'a, ya gabatar a zaman matasa



  Ni ɗalibi ne. Allo na fara riƙewa, daga nan aka sa ni franko-arab, yanzu ina karatun ilimin halittu a jami'a. Abin da zan faɗa ba fatawa ba ce. In na yi kuskure, ga malamai nan, su gyara mini.

Shekarar da muke tarminal D, wata safiya mushen SVT ya shigo ya rubuta sunan sabon babi a allo: ebolisiyon, wato sauyawar halittu sannu a hankali. Abokina da muke tebur ɗaya ya rufe kayensa, ya ce shi ba zai rubuta kafirci da hannunsa ba. Da aka fita, wani ɗan ajinmu kuma ya ce mini: "To ashe abin da aka koya mana a makarantar allo tatsuniya ce?" Mushe bai ce komai a kai ba, iyaka ya ce babin yana iya fitowa a bak, ya ci gaba da darasi. Na farko ya bar fannin kimiyya, alhali ya fi ni ƙoƙari nesa ba kusa ba. Na biyu ya yi shiru da tambayarsa, ya ja baya da zaman karatu a masallaci. Mutum biyu muka rasa a babi ɗaya, don ba a samu wanda ya zauna da mu ba. Shi ya sa na zaɓi wannan magana yau.

Daga ina rigimar ta fito?

Charles Darwin, Baturen Ingila, ya fitar da littafinsa a kan asalin nau'o'in halittu a 1859. Amma rigimar makaranta da muke jin labarinta a Amurka ta fi zafi. A 1925, a garin Dayton na jihar Tenesi, an gurfanar da wani malami, John Scopes, don ya koyar da wannan darasi, aka ci shi tarar dala 100. A 1968 kotun ƙolin Amurka ta soke dokar da ke hana koyar da shi. A 1987 ta soke wata doka da ta tilasta a koyar da labarin halitta na addini tare da shi a ajin kimiyya. A 2005 wani alƙali a jihar Pensilbaniya ya yanke irin wannan hukunci a shari'ar makarantun Dover. Dalilin kotunan shi ne tsarin mulkinsu ya hana gwamnati ɗaukar wani addini ta koyar.

Da yawa daga masu wannan faɗa sun yi imani duniya ba ta wuce shekara dubu shida zuwa dubu goma ba. Wani limamin coci na ƙasar Ailan, James Ussher, ya ma lissafa a 1650 cewa an halicci duniya shekara 4004 kafin haihuwar Annabi Isa. Ba duk Kiristoci ba ne suka yarda da wannan lissafi. Mu kuma Alƙur'ani bai ba mu adadin shekarun duniya ba. Ya ambaci kwanaki shida, ya kuma ambaci yini mai tsawon shekara dubu a Suratus Sajada, da mai tsawon shekara dubu hamsin a Suratul Ma'arij. Don haka in masana suka auna duwatsu suka ce duniya ta kai shekara biliyan 4 da rabi, babu abin da ya tilasta wa Musulmi ya yi musu gardama.

To ta yaya faɗan ya shigo mana? Hanya ɗaya ita ce littattafai da bidiyon wani Baturke, Adnan Oktar, wanda aka fi sani da Harun Yahya. A 2007 ya aika wa makarantun Faransa wani ƙaton littafi kyauta. Mafi yawan hujjojinsa aro ne daga waɗancan Amurkawa, an sa musu rawani kawai. A cikin littafin har an samu hoton ƙwaron da aka ce mai rai ne, ashe na roba ne da ake kamun kifi da shi, ga ƙugiyarsa nan a fili. Ƴan uwa, wanda ya kare addini da irin wannan hujja, ranar da aka gano ta, addinin ake yi wa dariya. Kuma har yanzu irin waɗannan bidiyo suna yawo a WhatsApp ɗinmu.

Abin da darasin yake faɗa

Mu fara daga gona. Kakanninmu, in an yi girbi, zangarniyar da ta fi cika suke warewa ta zama iri. Shekara da shekaru ana haka, fiye da shekara 4,000 a wannan yanki na Sahel, har hatsin gida ya bambanta da ɗan uwansa na daji. Duk manomi ya san shibra, wadda ke kakkaɓe tsabarta tun kafin a zo girbi. Haka makiyaya suka yi har aka samu shanun Azawak da jar akuya ta Maraɗi. Darwin cewa ya yi: abin da manomi ke yi da hannunsa, yanayi ma yana yin irinsa. Ƴaƴa ba sa fitowa iri ɗaya, wanda ya fi dacewa da wurin shi ya fi rayuwa ya hayayyafa, halinsa ya yaɗu.

Ku tambayi iyayenmu labarin nibakin. A da ita ce maganin masassarar cizon sauro. Me ya sa likita ya daina ba da ita? Cikin ƙwayoyin cutar akwai ƙalilan da maganin ba ya kashewa. Sauran suka mutu, su suka rage, suka hayayyafa, har maganin ya daina aiki. Abin da ke faruwa ke nan da sauro da wasu magungunan feshi, da kuma ƙwayoyin cuta in mutum ya sayi antibiyotik a tebur ya sha rabi ya ajiye.

Ga kuma amosanin jini, wanda wasu ke kira sikila ko emasi. Me ya sa ya yi yawa a ƙasashenmu? A 1954 wani likita, Anthony Allison, ya nuna cewa mai jinin AS yana da wata kariya daga masassara mai tsanani. Inda sauro ya yi yawa, masu AS sun fi tsira tun suna yara, sai ƙwayar gadon ta yaɗu. Amma in AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Ɗalibin da ya tsallake wannan babi, ta yaya zai zama likitan da zai yi wa masu shirin aure bayani?

Sannan ƙasarmu da kanta shaida ce. A Gadufawa, kudu maso gabashin Agadas, an tono ƙasusuwan da suka zama dutse, masu shekara wajen miliyan 110. Akwai kada mai tsawon fiye da mita 9, akwai dinozor mai haƙora wajen 500 da aka raɗa wa sunan ƙasarmu, Nigersaurus, a 1999. Inda yau rairayi ne, a da koguna ne. Wanda ya je Yamai ya shiga gidan tarihi na Bubu Hama ya gani da idonsa. Alƙur'ani ya umurce mu a Suratul Ankabut da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda aka fara halitta. Baƙi suna zuwa daga Faransa da Amurka suna dubawa a ƙasarmu. Mu fa?

Wani zai ce: in mun yarda da wannan, ina aikin Allah? Ni kuma sai in tambaye shi: wa ya halicce ka? Zai ce Allah. Amma ya san uwarsa da ubansa, ya san wata tara da ya yi a ciki. Muna roƙon ruwa, kuma muna koyon yadda rana ke ɗaga tururi ya zama hadari. Sanin sababi bai taɓa kore Mai sababi ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi gargaɗi a kan masu ƙaryata lissafin husufin rana da wata da sunan addini. Ya nuna cewa irin wannan kariya cutar da addini take yi, don wanda ya san lissafin ba zai yi shakkar lissafinsa ba, addinin zai yi wa shakka.

Inda gizo ke saƙa

Ba zan ɓoye muku ba, akwai wuri mai wuya, shi ne asalin ɗan Adam. Masana kimiyya ba su ce biri na yau ya rikiɗe ya zama mutum ba, wannan kuskuren fahimta ne. Abin da suka ce shi ne mutum da birin shimpanze sun haɗa kaka ɗaya shekara miliyan 6 zuwa 7 da suka wuce. Hujjarsu ƙasusuwa ne da kamannin ADN. Ɗaya daga ƙasusuwan ma a maƙwabta aka samo shi: ƙoƙon kan da ake kira Tumai, wanda aka tono a hamadar Jurab ta Chadi a 2001. A wajen masana ilimin halittu wannan magana tana da ƙarfi sosai, kuma ba daidai ba ne mu gaya wa ƙannenmu wai an rushe ta.

A ɗaya gefen, abin da jumhurin malamanmu suka fahimta daga nassi shi ne Allah ya halicci Annabi Adamu ba uwa ba uba, kamar yadda ya halicci Annabi Isa ba uba. Wannan ma ba abin wasa ba ne.

Malamai ba yau suka fara duba wannan ba. Tun 1888 Shehu Husaini al-Jisr na Tarabulus ta Labanan ya tattauna ra'ayin Darwin a littafinsa Risala Hamidiyya. Bai karɓe shi ba a lokacin, amma ya nuna cewa ko da ya tabbata, ba zai rushe imani da Mahalicci ba. A 2021 wani masani, Shoaib Ahmed Malik, ya kasa ra'ayoyin Musulmi gida huɗu: masu ƙin abin gaba ɗaya, masu karɓarsa ga dabbobi da tsirrai ban da mutum, masu cire Annabi Adamu shi kaɗai a matsayin mu'ujiza, da masu karɓarsa ba togiya. Wanne ya dace da nassi, wanne ya kauce, aikin malaman aƙida ne, kuma ya kamata su san kimiyyar kafin su yi hukunci. Abin da na fahimta ni dai shi ne mu'ujiza ba a auna ta a labo. Na'ura ba za ta tabbatar da ita ba, ba kuma za ta kore ta ba.

Matsayin addini a ajin kimiyya

Ra'ayina shi ne a bar ajin SVT ya koyar da abin da ake iya dubawa a auna. Kada mushe ya mai da shi wurin tafsiri, kada kuma ya fake da Darwin ya ce wa yara babu Allah, don wannan maganar ba sakamakon wani gwaji ba ce, ra'ayinsa ne. Ɗalibi kuma ya koyi babin da kyau, ya rubuta a jarrabawa abin da masana suka ce da hujjarsu. Malamai sun daɗe da bambanta kawo maganar wani da ƙudurce ta a zuciya.

Addini yana shiga ajin ne ta zuciyar ɗalibi. Shi ke hana ka ƙirƙiro sakamakon da ba ka samu ba, shi ke hana ka satar amsa, shi ke tambayarka me za ka yi da ilimin. A Turai da Amurka an taɓa fakewa da sunan Darwin aka ce baƙar fata ƙasa yake da fari, aka halatta mulkin mallaka da shi. Ilimin ƙwayoyin gado na yau ya ƙaryata wannan, addininmu kuma ya riga shi da ƙarnoni.

Don haka ina roƙon shugabanni abu biyu. Na ɗaya, kowace shekara kafin bak, ƙungiya ta shirya zama ga ƴan lise, a gayyato malamin aƙida da malamin SVT su zauna tabarma ɗaya, yara su yi tambaya ba tare da an kira kowa kafiri ko jahili ba. Na biyu, kada mu tura bidiyo a guruf ɗinmu sai wanda ya karanci fannin ya duba shi.

Ku kuma ƙannena, musamman ƴan mata da ke seri D, kada babi ɗaya ya kore ku. Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, a Tasawa aka haife shi a 1929, ya zama masanin makamashin rana da duniya ta san da shi. Ƙasar nan tana jiran likitoci, da masu binciken iri, da masu tono Gadufawa daga cikinku. In tambaya ta dame ku, ku kawo ta nan, kada ku kwana da ita ku kaɗai kamar ɗan ajinmu.

Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, ya tabbatar da zukatanmu a kan imani, ya jiƙan waɗanda suka kafa wannan ƙungiya da suka riga mu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren nawa ne.