Florence Nightingale da Makullin Sito



An nemi in yi magana a kan wani da ya yi fice wajen gudanar da asibiti, sai na ɗauko Florence Nightingale. Na ga wasu sun ɗaga gira, don kowane nas ya san ta. Ranar haihuwarta, 12 ga Mayu, ita ce ranar ma'aikatan jinya ta duniya, kuma hoton da ake rataya mana shi ne na mace riƙe da fitila tana zaga majinyata da dare. To amma a cikin shekara 90 da ta yi a duniya, daga 1820 zuwa 1910, 'yan kaɗan ne ta yi a bakin gadon marar lafiya. Sauran shekarun aikinta akasari a kan sito, da kicin, da wanki, da magudanar ruwa, da littafin lissafi suka tafi.

Aikinta na farko ma shugabanci ne. A 1853 aka ba ta riƙon wani ƙaramin asibitin mata a titin Harley da ke Landan. Tana zuwa ta sa aka ja famfon ruwan zafi zuwa kowane bene, aka kafa abin hawar da abinci daga kicin, aka ɗaura ƙararrawa don majinyaciya ta kira nas ba sai ta yi ta ƙwala kira ba. Dalilinta shi ne nas ɗin da ta wuni tana hawa da sauka ɗauke da bokiti ba ta da sauran ƙarfin duba kowa. Ta kuma yi ja-in-ja da kwamitin asibitin, wanda ya so a riƙa karɓar 'yan ɗarikarsu kaɗai, har sai da aka buɗe ƙofa ga 'yan Katolika da sauransu.

Sai yaƙin Kirimiya, inda Birtaniya da Faransa suka mara wa Daular Usmaniyya baya a kan Rasha. Jaridar Times ta tona irin wulaƙancin da sojojin da suka ji rauni ke sha, minista Sidney Herbert ya roƙe ta ta je. A farkon Nuwamban 1854 ta isa Scutari, unguwar da ake kira Uskudar a Istanbul ta yau, da mata 38. Asibitin tsohon barikin soja ne. Likitocin soja ba su yi maraba da ita ba, ita kuma ta hana matanta taɓa kowane majinyaci sai likita ya nema. Wasu daga cikinsu sun ga rashin imani ne a zauna ana ɗinkin katifa mutane na nishi, amma ta san in ta tsallake doka sau ɗaya za a kore su gaba ɗaya. Ba a jima ba jiragen ruwa suka fara sauke waɗanda suka ji rauni a yaƙin Inkerman, likitocin da kansu suka nemi taimako.

Abin da ta tarar ya kamata duk mai riƙe da asibiti ya saurara da kyau. Kaya na iya kasancewa a sito, amma ba za a fitar ba sai kwamiti ya zauna ya duba, sai takarda ta bi ta hannun wane da wane. Soja na kwance cikin rigar da ya yi yaƙi da ita, ƙwarƙwata na yawo a jikinsa, ga atini, ga babu ko cokalin da zai ci abinci. Ta ɗauki kuɗin gudummawar masu karanta Times, ta haɗa da na aljihunta, ta aika kasuwar Istanbul aka sayo riguna, da tawul, da sabulu, da faranti, da burushin goge daɓe. Ta kama hayar gida, ta sa tukwanen dafa ruwa, ta ɗauki matan sojoji aikin wanki. Da aka ce ɗaruruwan majinyata na tafe alhali wani ɓangaren ginin ya lalace, ta ɗauki leburori ta biya su aka gyara. Daga baya shahararren kuku Alexis Soyer ya zo ya gyara tsarin girki. Kafin a farga, makullin sito na gaske ya koma hannunta.

Ga inda masu yabo kan yi tsalle su wuce. Duk da wannan ɗawainiya, fiye da soja 4,000 suka mutu a Scutari a hunturun farko, kuma akasarinsu ba harsashi ne ya kashe su ba, atini ne da taifot da kwalara da zazzaɓin ƙwarƙwata. A Fabrairun 1855 ana rasa kusan 42 cikin kowane 100 da aka kwantar. Ruwa ba ya tsami banza. A watan Maris gwamnati ta turo hukumar tsafta, cikinta da likita John Sutherland da injiniya Robert Rawlinson, suka tarar ginin a kan toshasshen magudanar ƙazanta yake zaune, har mushen doki suka tsamo daga hanyar ruwan da ake amfani da shi. Aka yashe kwatoci, aka huda wuraren shigar iska, aka shafe bango da farar ƙasa. Zuwa Yuni adadin ya sauko kusan 2 cikin 100. Sauyin yanayi da raguwar cunkoso sun taimaka, amma abin lura shi ne riga mai tsafta da abinci mai kyau ba su isa su ceci wanda aka kwantar a kan shadda ba.

A ganina girmanta yana cikin abin da ta yi da wannan darasi. Ta dawo Ingila a 1856 ana ta kambama ta, sai ta kulle ƙofa ta zauna da masanin ƙididdiga William Farr suna bin alƙaluman mace-mace wata bayan wata. Suka gano cewa ko a gida, ba yaƙi ba komai, sojan da ke bariki ya fi farar hula sa'ansa saurin mutuwa, kusan ninki biyu. Da yake ta san manya ba sa karanta dogon jadawali, sai ta zana alƙaluman a da'ira mai launi, yadda kallo ɗaya zai nuna cewa cutar da za a iya kaucewa ta cinye harsashi. Ta matsa lamba aka kafa hukumar binciken lafiyar soja a 1857. A 1859 ta fitar da Notes on Hospitals, inda ta tsara yadda za a gina ɗakunan jinya a ware da juna, da tagogi masu fuskantar juna, da tazara tsakanin gadaje. Ta daɗe tana ganin wari da gurɓatacciyar iska ne ke haddasa cuta, fahimtar da binciken ƙwayoyin cuta ya ture daga baya, sai dai maganin da ta bayar, wato ruwa mai kyau da iska da rage cunkoso, ya yi aiki duk da haka.

Da kuɗin da jama'a suka tara mata, sama da fam 40,000, aka buɗe makarantar jinya a asibitin St Thomas a 1860 da ɗalibai 15. Ta dage cewa horo da ladabtar da nas-nas a hannun shugabarsu mace za su kasance, ba a hannun likita ba. Yawancin wannan aiki daga kan gado ta yi shi, don tun zazzaɓin da ya kama ta a Kirimiya a 1855 ba ta sake cikakkiyar lafiya ba. Wasiƙu take aikawa, ministoci na zuwa gidanta, kuma waɗanda suka yi aiki da ita sun sha wuya, don ba ta san uzuri ba.

Akwai kuma sashen horar da ungozoma da asusunta ya ɗauki nauyi a asibitin King's College. Da lissafi ya nuna masu jego na mutuwa da zazzaɓin bayan haihuwa a wurin, saboda kusancinsu da sauran majinyata, aka rufe shi a 1867, ko da yake da sunanta aka san shi. Ta bi diddigin alƙaluman, ta wallafa a 1871 cewa a wancan zamani macen da ta haihu a gida ta fi wadda ta haihu a irin wannan asibiti tsira.