Turancin Gobe: Kalmomin da Ɗan Zango Ke Bukata don Tsara Burinsa

Lacca ga ɗalibai, iyaye da malamai a Ayigya Zango, Kumasi

 

An nemi in yi magana a kan kalmomin Turanci da mai koyo ke bukata wajen tsara burinsa da gyara rayuwarsa. Zan ɗauko zancen daga nan inda muke zaune.

Titin Accra ne kawai ya raba mu da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, wadda aka buɗe a 1952 tana kwaleji, ta zama cikakkiyar jami'a a 1961. Ɗalibanta a unguwarmu suke haya, kokon iyayenmu da ƙosansu suke karya kumallo da su. Duk da haka kowa a nan ya san yaran da suka girma suna ganin ƙofar, ba su taɓa shiga da littafi a hannu ba.

Ba kaifin harshe yaron zango ya rasa ba. Hausa a gida, Twi a kasuwar Kejetia, Larabci a gaban malam, ga broka a tasha. Sai dai Turancin nasa na yau ne: na ciniki, na raha, na cacar baki da yaron mota. Ran da aka ce ya faɗi abin da yake so ya zama, da yadda zai kai can, sai bakin ya mutu.

Wannan giɓi yana cizo a wurare uku. Na farko jarrabawar kammala sakandare ta WASSCE, inda jami'a ke neman aƙalla sakamakon C6 a Turanci. Mai D7, ko da ya cinye lissafi, sai ya koma ya sake. Na biyu fom da wasiƙar neman tallafi, kamar na gidauniyar Mastercard da ke ɗaukar nauyin ɗalibai a wannan jami'a tun 2014. Na uku intabiyu. A zaunar da saurayi, ya sha guga, takardunsa cikin ambulan, a tambaye shi inda yake hangen kansa nan da shekara 5. Ya sosa ƙeya, ya ce yana so ya ci gaba, ya taimaki iyayensa. Gaskiya ya faɗa, amma duk waɗanda ke layi a waje haka za su ce.

Saboda haka na kasa kalmomin da ake bukata gida huɗu.

Na ɗaya, kalmomin niyya. Turanci ya bambanta abin da mutum ke fata, da abin da ya ƙudura, da abin da ya riga ya ɗauki alkawarinsa. Ku koyi fi'ilan ukun, ku san wanda ake rubuta wa mai ba da tallafi. Ba ya ba da kuɗi a kan fata.

Na biyu, kalmomin lokaci: wa'adi, ranar rufe karɓar fom, zangon karatu, kafin, zuwa, cikin wata kaza. Ƙananan kalmomin da ke raba "kafin Juma'a" da "ranar Juma'a" sun sha jawo wa mutane asarar gurbi.

Na uku, kalmomin awo: ƙaruwa, raguwa, kashi cikin ɗari, daga nan zuwa can. Yarinyar da ke koyon ɗinki ta iya cewa da Turanci, "Ina ɗinka riga 2 a rana, ina so su kai 4 kafin Babbar Sallah, in tara kuɗin keken kaina." Wadda ta iya wannan jimla ta iya tsayawa gaban kowane banki.

Na huɗu, kalmomin cikas da gyara: ƙalubale, kuskure, shawarar na gaba, sake gwadawa. Masu intabiyu kan tambayi inda mutum ya taɓa faɗuwa. Mai cewa bai taɓa ba, ya faɗi nan take.

Kada a ce wannan ado ne na baki. A 1968 wani masanin halayyar ɗan'adam na Amurka, Edwin Locke, ya nuna cewa buri takamaimai mai ɗan wuya ya fi sa mutum ƙwazo a kan a ce masa ya yi iya ƙoƙarinsa. To, buri ba ya zama takamaimai sai an sa masa adadi da rana. Mai koyon waɗannan kalmomi dole ya zauna ya tambayi kansa: nawa, yaushe, ta wace hanya? Ka ga jifa ɗaya, tsuntsu biyu.

Yaya za a koya? Abin bai kai yawan da kuke tsoro ba. A 1953 Michael West, malamin da ya daɗe yana koyarwa a Dhaka, ya fitar da jerin kalmomi kusan 2,000 da suka fi yawo a Turanci, kuma akasarin abin da na lissafa yana cikin irinsu. Hanyar koyon ma ba baƙuwarmu ba ce. Alhaji Umaru na Kete Krachi, haifaffen Kano da ya sauka Salaga a 1892 ya rasu a 1934, tun yana matashi ya rubuta littafin koyar da rubutun wasiƙa da Larabci, domin ɗalibi ya ga yadda ake jera magana kafin ya rubuta tasa. Haka za ku yi. Ku sayi littafin rubutu, ku ja layi biyu a kowane shafi: kalmar a gefe, jimlar da kuka tsinta a jarida ko rediyo a tsakiya, jimlar da ta shafi rayuwarku a ƙarshe. Kalma 5 a mako ta isa, in dai ana tilawarta kamar yadda kuka saba a makarantar allo.

Iyayenmu, ko ba ku jin Turanci kuna da aiki. Tun Satumban 2017 gwamnati ta ɗauke kuɗin babbar sakandare, amma ba ta ɗauke tambaya ba. Bayan sallar isha ku ce wa yaro ya karanta jimlarsa, ya fassara muku, ku tambaye shi ranar da ya sa. Idan ranar ta zo, ku sake tambaya.

Allah ya gafarta malam, tun 1987 da aka kafa sashen ilimin Musulunci a hukumar ilimi ta Gana, allo da boko ke zaune inuwa ɗaya a makarantunmu. Ku gaya wa yara cewa faɗin "in Allah ya yarda" ba ya hana rubuta wa'adi. A yi shiri, a bar wa Allah ikonsa.

Ƙannena, kafin Juma'a mai zuwa kowannenku ya rubuta jimla 3 da Turanci: abin da ya ƙudura, ranar da zai cim masa, da matakin da zai ɗauka a wannan mako. Ya kai wa malaminsa ya gyara.

Allah ya yi wa karatunku albarka, ya saka wa iyaye da malamai da alheri.